Ɗan Tulun da Shambu Ya Ajiye

Alhaji Ƙasimu ba ya taɓa abin da ya shafi addini sai ya tambayi malami. Haka mahaifinsa ya rene shi a Yakasai, haka kuma ya girma. Hali ne mai kyau. Da rabin 'yan kasuwarmu suna da shi, da an rage cin haram a kasuwanni.

Sana'arsa injinan ruwan leda ce. Duk lokacin baje kolin Pazhou yakan zo Guangzhou ta ƙasar China ya sayi injin tacewa da na ɗaure leda, ya tura Kano, ya sayar wa masu ƙananan kamfanonin fiya wata. A masana'antar da yake sayen injinan ne ya haɗu da Shambu, wani injiniya Ba'indiye, siriri mai furfura, wanda aikinsa shi ne gwada matatar kowane inji kafin a sa shi a akwati. Shambu addinin Hindu yake bi. Daga wani gari a bakin kogin Ganga ya fito. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo, Malati, tana aure a can gida.

Abinci ne ya haɗa su. Duk sanda mai masana'antar ya kai baƙi cin abinci, mutum biyu ne ke zama suna kallon tebur: Ƙasimu yana tsoron alade, Shambu kuwa ko kifi ba ya ci. Daga nan suka fara sulalewa tare zuwa wani ɗan shagon taliya na Musulmin China, Ƙasimu ya ci da naman sa, Shambu ya ci da ganye da tumatir. Da Turanci suke magana, kowa da irin nasa karyayyen, kuma kusan kullum gardama ce.

"Injiniya," in ji Ƙasimu wata rana, "kai da ka yi boko har ka gaji, ka dubi idona ka ce wai mutum zai mutu ya dawo akuya?"

"Ni ban ce akuya ba. Kai dai na ga alamar raƙumi za ka dawo, saboda taurin kai."

"To kai in ka dawo sa, kada ka kuskura ka biyo ta Kano da Babbar Sallah. Ba sani ba sabo."

Shambu ya yi dariya har da tari. Ya zaro ledar ruwa guda biyu daga jakarsa, irin waɗanda yake cikawa wajen gwaji, ya ajiye a kan tebur.

"Ka ga waɗannan? Tanki ɗaya, ruwa ɗaya. Leda ce kawai ta raba su, kowacce tana ganin ita daban ce. Ran da aka fasa su a ƙasa, nuna min wannan, nuna min waccan. Mu haka muka ɗauki rai. Abin da ke cikina, da abin da ke cikinka, da Wanda ya yi mu, leda ce tsakani."

"A'uzubillahi. Nan ne ka ɓata, Injiniya. Bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne. Kuma kowace leda sai an tsayar da ita an tambaye ta abin da ta aikata."

"Mu ma ana tambaya. Sai dai mu dawowa ake yi a gyara."

"Jarabawar da za a yi ta ba ka kana sakewa ai ba jarabawa ba ce."

"Wataƙila malamin ne mai tausayi," in ji Shambu. Ya ɗaga ledar yana kallon ta a haske. "Ka san ruwan nan ya girmi kakanninmu duka? Rana ta ɗauke shi, gajimare ya sake shi, wani ya sha, ya koma ƙasa, rana ta sake ɗauka. Ko ɗigo ba ya ɓata. Wannan na yarda da shi don na auna. Zancen rai kuwa ban auna ba. Mahaifiyata ce ta gaya min."

Haka suka yi shekaru. Ƙasimu bai fasa kiran shi zuwa Musulunci ba, Shambu bai fasa murmushi ba, kuma babu inji guda da Shambu ya bari aka tura Kano da matata mai matsala.

A baje kolin kaka na wannan shekarar, Ƙasimu ya isa rumfar masana'antar a Pazhou bai ga Shambu ba. Ya tambayi mai masana'antar, wanda suke kira Lawban, wato maigida.

"Lawban, ina Injiniya?"

"Meyo, meyo," in ji mutumin, wato babu. Ya dafa gefen cikinsa na dama, ya girgiza kai, sannan ya nuna masa sunan wani asibiti a waya.

Ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya ci ƙarfinsa. Shambu ya ɓoye wa kowa har sai da ya faɗi a bakin aiki. Ƙasimu ya tarar da shi a gado kusa da taga, idanu sun yi ruwan ɗorawa, ciki ya kumbura, hannuwa duk robobin ƙarin ruwa. 'Yarsa tana can tana jiran biza. 'Yan ƙasarsu kaɗan da yake hulɗa da su sun tafi gida bikinsu na kunna fitilu. Ƙasimu ya bar baje koli. Kullum da safe yana asibiti, ya gyara masa matashi, ya riƙe masa waya ya yi magana da Malati, ya zauna har la'asar.

Ranar Juma'a da hantsi likita ya kira Ƙasimu gefe, ya rubuta a waya ta fassara masa: ko yau, ko gobe. Da ya koma bakin gado sai ya ga Shambu ya riga ya gane.

"Alhaji, buɗe lokar nan. Akwai abu a cikin safa."

Ɗan tulu ne na tagulla, bai fi lemun zaƙi girma ba, an liƙe bakinsa da dalma. Da Ƙasimu ya girgiza shi ya ji motsin ruwa.

"Ruwan Ganga ne," in ji Shambu. Muryarsa ta dushe, sai an sunkuya ake ji. "Mahaifiyata ce ta ɗebo ta ba ni ran da zan bar gida. Mu in mutum zai tafi, ana ɗiga masa a baki. Ba ya sha da hannunsa. Wani nasa ne ke ba shi. Na nuna wa ma'aikaciyar jinya, ta ce ba ruwanta, an hana ba ni komai ta baki. Ka huda, ka ɗiga min. Kaɗan ya isa."

Ƙasimu ya ji tulun ya yi masa nauyi a hannu. Ya san kogin nan ba kogi kawai ba ne a wurinsu. Suna kiransa uwa, suna yi masa bauta.

"Kai da bakinka ka ce min ka taɓa auna ruwan kogin nan. Ka ce ko injinka ba zai yarda da shi ba."

"Na auna. Ƙazanta ce. Ma'aunina yana ganin gishiri, yana ganin ƙwayar cuta. Ba ya ganin hannun da ya ɗebo." Ya huta, ya lashi leɓensa da ya tsage. "Ba kai ka ba ni labarin yadda ka ɗiga wa babanka ruwan Makka da cokali ba?"

"Wannan daban ne."

"Na sani. A wurinka daban ne."

Ƙasimu ya ajiye tulun a kan loka, ya kama hannun abokinsa. Idanunsa sun kawo ruwa.

"Shambu, don Allah. Kalma ɗaya ce. Ka faɗe ta kawai, ni zan faɗa ka maimaita. Wallahi ba na son in rasa ka a can ma."

"Alhaji, shekara da shekaru kana kawo min wannan hajar, kuma na san don ƙauna kake kawowa. Na gode. Ni dai yau ruwa na roƙa."

Ƙasimu ya dubi tulun. Idan ya ɗiga, bai taimaka wajen bautar wanin Allah ba kuwa? Idan ya ƙi, da wane ido zai dubi mutumin nan? Bai taɓa jin an yi wa wani malami irin wannan tambayar ba. Ya ciro waya ya kira malaminsa na Kano, wayar a kashe, can gari bai ma waye ba. Sai ya tuna Malam Sharfaddeen, wani dattijo mai fataucin takalma wanda ya yi karatu mai zurfi, kuma duk Juma'a yana masallacin Huaisheng. Yana da lambarsa. Amma a tarbiyyar Ƙasimu, tambaya mai nauyi irin wannan ba ta waya ba ce. Zuwa ake yi a durƙusa.

"Bari in je masallaci in dawo. Ga lokacin Juma'a ya kusa, kuma akwai wanda zan tambaya. Yanzu za ka gan ni."

Shambu ya dube shi, ya ɗan yi murmushi.

"Je ka tambayo. Ni ma ban taɓa sakin inji ban gwada ba. Amma ka yi sauri, Alhaji."

Masallacin ya cika har titi. Ƙasimu ya samu wuri a tsakar gida, ƙarƙashin tsohuwar hasumiyar, tsakanin wani Balarabe da wani Basine. Bai fahimci huɗuba ba, ko da ya iya yaren ma ba zai ji ba. Ana sallamewa ya miƙe.

Malam Sharfaddeen yana zaune a gindin bishiya, mutane sun kewaye shi kamar kullum. Wani tsoho ɗan Zinder ne a gabansa yana tambaya kan haɗa salla a cikin jirgi. Tsohon ya faro daga tashinsa a Yamai, ya bi ta inda aka sauke su aka canza jirgi, ya tsaya ya ba da labarin jakarsa da ta ɓata. Ƙasimu ya durƙusa a gefe yana murza hannuwa. Ba a katse babba. Da tsohon ya gama, ya sake tambayar daga farko don ya tabbatar ya ji daidai.

Sai aka zo kan Ƙasimu.

"A'a, Alhaji Ƙasimu! Saukar yaushe? Ya hanya?"

"Alhamdulillahi, Allah gafarta Malam."

"Ya aka baro mutanen Yakasai? Ya Hajiya Saffana da yara? Ya jikin yayan naka, na ji an ce ƙafa ta matsa masa?"

Ƙasimu ya amsa duka, shi ma ya mayar da gaisuwa, ya tambayi iyali da kasuwa da gajiyar tafiya, domin ba a faɗo wa malami da tambaya kamar an zo sayen albasa. Sannan ya fara, kuma ya fara ta nesa.

"Allah gafarta Malam, misali ne. A ce mutum yana da maƙwabci wanda ba Musulmi ba..."

Ya kawo zancen ruwan kogin. Kafin ya kai ƙarshe, Kallamu, wani ɗan kasuwa mai kai kaya Maiduguri, ya tsoma baki.

"Kogin da suke yi wa sujada? Haramun! Wannan ai ba ya ma buƙatar tambaya. Ka zubar da shi a masai."

"Kai Kallamu, rufe mana baki," in ji Iliasu, wani ɗan zangon Kumasi mai aikin tura kwantena. "Ba kai ne na loda wa gumakan rataye riga daga kasuwar Shisanhang ba? Har da masu gashin ido. Ran nan ban ji ka ce haramun ba."

"Waɗannan na talla ne!"

"To wannan na ƙishirwa ne."

Aka yi dariya, wasu suka goyi bayan wannan, wasu wancan, murya ta fara tashi. Malam Sharfaddeen ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Alhaji, bar misali. Mutumin yana nan garin?"

"Yana asibiti, Malam."

"Ya ce ka faɗi wani abu na addininsu in za ka ba shi? Ko ka rusuna wa wani abu?"

"A'a. Ya ce in ɗiga masa kawai."

"Yana jin ƙishirwa?"

"Leɓensa har ya tsage."

"To a iya abin da na sani, ka ba shi da niyyar shayar da mai ƙishirwa. Niyyarsa tasa ce, taka taka ce. Ka yi masa fatan shiriya har numfashinsa na ƙarshe. Allah ne mafi sani." Ya ɗan dakata. "Wa ka bari a wurinsa?"

"Babu kowa, Malam."

"Likita ya ce me?"

"Ko yau, ko gobe."

Malam ya cire tabarau ya dube shi.

"Kuma ka zauna kana tambayata ya kasuwa? Tashi!"

Iliasu ya bi shi. Suka tari tasi, tasi ta shiga cunkoson masu fitowa daga masallaci ta tsaya cik. Suka sauka suka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Ƙasimu yana tsaye riƙe da ƙarfe, bakinsa yana motsi, shi kansa bai san addu'ar da yake yi ba.

Gadon kusa da taga an yaye zanensa, katifar roba ce kawai tana sheƙi. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta nuna masa waya: ya cika jim kaɗan bayan azahar, an sauka da shi ƙasa. Kayansa suna cikin jakar leda. Tulun yana nan a kan loka inda Ƙasimu ya ajiye shi.

Wani tsoho Basine da ke gadon kusa ya yafito Ƙasimu. Ba su da yare ɗaya, sai ya nuna masa da jiki. Ya kwanta, ya miƙa hannu wajen lokar, yatsu suna rawa, hannun ya kasa kaiwa, ya faɗi. Ya sake miƙawa. Sannan ya juya kai wajen ƙofa ya tsaya a haka.

Ƙasimu ya zauna a kan katifar. Bai yi kuka da murya ba. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya sake faɗa, daga nan ya rasa abin da ya halatta ya ƙara.

Tambaya ba laifi ba ce, kuma wanda ya ji tsoron Allah bai yi wauta ba. Amma waya tana aljihunsa. Ladabin da aka koya masa don girmama masu rai shi ya tsaya cikawa, alhali ga wanda ransa ke fita. Mutane da yawa sun iya durƙuso, kaɗan ne suka san lokacin da ake tsayuwa a kan mutum a ce, Malam, gafara, sauri nake.

A bakin asibiti Iliasu ya ja shi gefe.

"Alhaji, ji nan. Yarinyar za ta zo, abu na farko da za ta tambaya ke nan. Ba ni tulun. In huda, in zubar a gindin fulawar can, ka ce mata ya sha. Wa ya gani? Tsohon can ko sunanka bai sani ba."

"In hana shi ruwan, sannan in zubar da shi a ƙasa, sannan in yi wa 'yarsa ƙarya?"

"Ƙaryar tausayi ce. Marainiya ce fa. Ka bar ta ta samu abin riƙewa."

"Ba nawa ba ne da zan zubar."

"Kai dai Kanawa," in ji Iliasu, ya share ido da bayan hannu. "Ku da taurin kai."

Malati ta iso a mako na gaba. A gidan ajiye gawa suka haɗu, inda za a ƙone shi bisa al'adarsu. Doguwa ce siririya, sanye da farin sari irin na matan ƙasarsu, da goshin ubanta. An ce za a ba ta ɗan lokaci da gawar kafin a shiga da ita. Ta haɗa tafin hannuwa ta gaishe shi.

"Kawu Alhaji. Baba kullum yana zancenka. Ya ce kai ne kaɗai ka taɓa ce masa zai dawo sa."

Ƙasimu ya kasa dariya. Ya miƙa mata jakar kayan, sannan ya ciro tulun daga aljihun rigarsa ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya shi, babban yatsanta ya bi ta kan dalmar. Ta daɗe tana kallon wurin.

"Bai tambaya ba?"

"Ya tambaya, 'yata."

"Kana wurin?"

"Ina wurin da ya tambaya. Ba na wurin da ya cika."

"Ina ka je?"

"Na je in tambayi malaminmu ko ya halatta in ba shi."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce in ba shi."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce babu komai ba. Ƙasimu ya so a ce ta yi ɗaya daga ciki.

"Ana iya sa masa yanzu ma," in ji ta. "Ana yi. Sai dai ba zai sani ba."

Wani ma'aikaci ya buɗe ƙofa ya yi mata alama. Ta fara ƙoƙarin ɓamɓare dalmar da farce, farcen ya karye. Ta gwada da haƙori. Sannan ta miƙo masa tulun ba tare da ta dube shi ba.

"Kawu, buɗe min."

Ƙasimu ya ciro makullin ɗakinsa na masauki, ya ɗora tsininsa a kan dalmar, ya ce bismillahi, ya danna. Huda ɗaya ta shige. Ruwa ya ɗan tsatso ya jiƙa masa yatsa.

Ta karɓa ta shiga, aka rufe ƙofa. Shi ya tsaya a waje.